Boris Uvarov, Mutumin da Ya Gano Asirin Fara

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san fara. A garinmu 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara, da kaka yara kan kamo ta a gonaki su soya da gishiri da yaji. Amma tsofaffi ba su ɗauke ta abin wasa ba, domin sun san farin ɗango kan sauka a gonar gero da hantsi, kafin azahar sai kara. Ina so in ba da tarihin wani bature da ya ƙarar da rayuwarsa wajen binciken wannan ƙwaro.

An haifi Boris Uvarov a 1886 a garin Uralsk na daular Rasha, wanda yanzu yake cikin ƙasar Kazakistan. Tun yana yaro yake tara ƙwari. Ya gama jami'a a birnin Petersburg a 1910, sa'an nan aka ba shi aikin yaƙi da ƙwarin gona a lardin Stavropol.

A zamanin nan masana sun ɗauka cewa koriyar farar da ke zaune ita kaɗai cikin ciyawa daban take da wadda ke tashi runduna guda. Har suna daban-daban suka ba su. Shi kuwa Uvarov sai ya dinga zuwa inda fara ke zuba ƙwai, yana lura da 'ya'yan tun daga ƙyanƙyasa har su yi fiffike. A nan ya ga abin mamaki, ashe iri ɗaya ne. Idan suna warwatse, kowace takan guji 'yar'uwarta. Idan kuwa suka yawaita suka cunkushe wuri guda, sai launin 'ya'yan ya koma baƙi da ruwan goro, halinsu ya sāke, su riƙa tafiya tare. Ya koma Landan a 1920, ya buga wannan bayani a 1921.

Amfanin abin ya bayyana lokacin da annobar fara ta ɓarke a 1928, ta mamaye yawancin Afirka har wajen 1941. Uvarov ya riƙa karɓar rahotanni daga ƙasashe yana zana su a taswira, masu bincike kuma suna bin sawu. Daga ƙarshe aka tabbata cewa mafarinta fadamun kogin Kwara ne cikin ƙasar Mali. Ke nan idan aka sa ido a can aka kashe 'ya'yan kafin su tashi, an ceci gonakin Katsina da Maraɗi. Rigakafi ya fi magani. A 1962 ma a Kano ƙasashen Afirka suka sa hannu kan yarjejeniyar yaƙi da irin wannan fara.

Uvarov ya shugabanci cibiyar binciken fara ta Landan daga 1945 zuwa 1959. Ya mutu a 1970.

'Yan'uwana ɗalibai, mutumin nan da ido da haƙuri da littafin rubutu ya fara. Mu ma muna da su. Idan mun je hutu, mu duba ƙwarin da ke gonar iyayenmu, mu rubuta launinsu da yawansu da watan da suka fito, mu kawo wa malaminmu na aikin gona.