Enzo Ferrari, matashin da Fiat ta hana aiki

An haifi Enzo Ferrari a Modena, ƙasar Italiya, a shekarar 1898. Mahaifinsa da yayansa sun rasu a 1916. Da ya dawo daga aikin soja ya nemi aiki a kamfanin Fiat, aka ƙi ɗaukarsa. A 1920 ya zama direban tsere a Alfa Romeo, kuma a 1947 motar farko mai sunansa ta fito daga Maranello.

Tsere ne a ransa. Yakan sayar wa attajirai motocinsa masu tambarin doki don ya samu kuɗin gasa. A 1969 Fiat ɗin nan ta sayi rabin kamfanin, amma ragamar tsere ta ci gaba da zama hannunsa har ya rasu ranar 14 ga Agusta 1988, yana da shekara 90.