Florence Nightingale: matar da ta mayar da jinya sana'ar da ake koyo a makaranta

Ranar 12 ga watan Mayu ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya. An zaɓe ta ne domin a irin wannan rana, a shekarar 1820, aka haifi Florence Nightingale, Baturiyar Ingila da ta aza harsashin aikin jinya na zamani. Mutanen Magarya da Dungas suna da dalilin sanin tarihinta, tunda a cibiyoyin CSI na ƙauyukansu ma'aikacin jinya ne mutum na farko da marar lafiya ke gani, sau da yawa ma shi kaɗai ne.

An haife ta a birnin Florence na ƙasar Italiya lokacin da iyayenta ke balaguro, shi ya sa aka raɗa mata sunan garin. Mahaifinta attajiri ne, kuma shi da kansa ya koyar da ita lissafi da harsuna da dama. A Ingila ta wancan zamani, jinya aiki ne na matan da ba su da galihu, ba a ba su horo, ba a kuma ganin su da mutunci. Da Florence ta ce shi take so, gidansu suka ƙi sam. Ta dage, har ta ƙi auren wani mai faɗa a ji da ya daɗe yana nemanta. Sai a 1851, tana da shekaru 31, ta samu ta yi ƴan watanni tana koyon aikin a Kaiserswerth ta ƙasar Jamus. A 1853 aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a Landan.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya, suna dafa wa Turkiyya a kan Rasha. Jaridun Landan suka fara kawo labarin yadda sojojin da suka jikkata ke mutuwa babu mai kula da su. Sidney Herbert, jami'in gwamnati mai lura da harkokin soja, ya tura Florence da mata 38 zuwa babban asibitin soja na Scutari, a gefen Santambul. Sun isa a farkon watan Nuwamba.

Abin da suka tarar ya munana. An gina barikin da aka mayar asibiti a kan magudanun ƙazanta da suka toshe, ga ɓeraye da ƙwarƙwata, ga ƙarancin gadaje da zannuwa da sabulu. Likitocin soja ba su yi maraba da mata ba da farko. Florence ta buɗe wurin wanki, ta gyara madafa, ta sayo riguna da kayan aiki da kuɗin taimako. Da dare takan zagaya ɗakunan majinyata da fitila a hannu, abin da ya sa aka yi mata laƙabi da mace mai fitila.

Amma duk da wannan ɗawainiya, mutuwa ba ta ragu ba. Fiye da sojoji 4,000 suka mutu a asibitin a hunturun farko, akasarinsu ta dalilin kwalara da atuni da taifot da makamantansu. A watan Maris na 1855 gwamnati ta aiko da kwamitin tsafta, wanda ya yashe magudanai, ya buɗe hanyoyin iska, ya tsabtace ruwan sha. Har mushen doki aka ciro daga hanyar ruwan asibitin. Cikin ƴan watanni yawan masu mutuwa ya faɗo daga kusan kashi 42 cikin 100 zuwa kamar kashi 2.

Wannan darasi shi ya juya sauran rayuwarta. Da ta koma gida a 1856, ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr suka bi alƙaluman mace-macen yaƙin wata bayan wata. Ta fito da wani zane mai kama da fure, wanda ko wanda bai iya lissafi ba zai gani a cikinsa cewa cututtukan da ake iya kaucewa sun kashe sojoji fiye da harsashi nesa ba kusa ba. Da shi ta matsa wa hukuma ta gyara barikoki da asibitoci. A 1858 ta zama mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓa cikinta.

A 1859 ta wallafa littafinta Notes on Nursing, inda ta bayyana nauyin da ke kan mai jinya: iska mai kyau, haske, ruwa mai tsafta, abincin da ya dace, natsuwa, da sa ido sosai a kan duk wani canji a jikin marar lafiya. A watan Yuli na 1860, da kuɗin da jama'a suka tara don karrama ta, ta buɗe makarantar jinya a asibitin Saint Thomas na Landan da ɗalibai 15. Horon na shekara ɗaya ne, a aji da kuma gefen gadon majinyaci, kuma ana rubuta ƙwazo da halin kowace ɗaliba. Waɗanda suka gama suka bazu suna kafa irin wannan tsari a wasu asibitoci, har da na gidan gajiyayyu na Liverpool a 1865. Ita ma ƙididdiga ba ta ƙyale ta ba: makarantar ungozoma da ta tallafa wa a asibitin King's College an rufe ta a 1867, bayan da zazzaɓin jego ya yawaita kashe masu haihuwa a ɗakin.

Tasirin makarantar ya iso Afirka ta Yamma. Kofoworola Abeni Pratt, ƴar Legas, ta shiga can a 1946, daga baya ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta tarayyar Najeriya.

Florence ta kamu da wani zazzaɓi mai tsanani a Kirimiya a 1855, wanda ya bar ta da ciwo na tsawon shekaru. Mafi yawan aikinta daga kan gado ta yi shi, ta hanyar wasiƙu da rahotanni, har a kan tsaftar ƙauyukan Indiya, ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. A 1907 ta zama mace ta farko da aka ba lambar girma ta Order of Merit. Ta rasu a Landan ranar 13 ga watan Agusta na 1910 tana da shekaru 90. An so a binne ta a majami'ar Westminster tare da manyan ƙasa, danginta suka kai ta maƙabartar ƙauyensu ta East Wellow.

A Magarya, kowace damina zazzaɓin cizon sauro da tamowa kan cika sashen yara na asibitin gunduma, inda ƙungiyar likitocin na gari na kowa, MSF, ta fara tallafa wa hukumomin lafiya a 2005. Yara daga ƙauyukan Dungas ma nan ake kawo su. A irin wannan lokaci, ran yaro yakan rataya ne a kan abubuwan da aka koya a Scutari bayan asarar dubban rayuka: wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci, ruwa mai tsafta, da rajistar da aka cike da gaskiya don a gane inda cuta ke ɓullowa. Ɗaliban makarantar kiwon lafiya ta ENSP a Damagaram su ne za su ɗauki wannan nauyi gobe, kuma ba za su iya sauke shi ba sai da isasshen horo, da kayan aiki, da famfon da ke kawo ruwa a cibiyar da aka tura su.