Likita Mila da Yaran da Ya Raina a Birnin Zariya

Duk wanda ya ɗauki tarihin ilimin boko a Arewa zai fara cin karo da sunan Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, da makarantarsa ta Nasarawa a Kano. Ba kasafai ake ambaton mutumin da ya riga shi tara yara a aji ba, watau Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Dalilin wannan shiru ba ɓoyayye ba ne: Mila ɗan mishan ne, kuma bai taɓa rufa abin da ya kawo shi ba.

An haife shi a Ingila a 1872, ya karanci aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya tako ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ya koyi harshen a bakin fatake da mahajjata. A 1900 yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Suka ja da baya zuwa Girku, daga bisani Mila ya samu mazauni a cikin birnin Zariya a 1905.

Shekaru sun shuɗe yana wa'azi yana ba da magani, amma manyan da suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. Don haka ƙarfinsa ya koma kan yara, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gidansa ya zama makarantar kwana: ana addu'a safe da yamma, ana karanta Linjila da Hausa, ana koyon lissafi da Turanci, ga horo mai tsanani. Da yawa daga cikin yaran 'ya'yan Isawa ne, wato almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya bai wa Annabi Isa a karatunsa. Zuriyarsu ta nemi Mila da kanta, aka kafa musu zango a Gimi, sai ciwon barci ya afka wa garin ya yi ɓarna. Marayu da sauran yaran da suka tsira suka koma hannunsa.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne bai cire yaran nan daga Hausa ba. Sun tashi suna kiran Allah da Ubangiji da kalmomin da maƙwabtansu ke kira, suna sa riga da hula, suna durƙusa wa manya. Wannan tarbiyya ita ta buƙaci littafi, kuma ita ta sa ya shafe kusan shekara 30 yana fama da fassara, shi da abokan aikinsa Turawa da Hausawa, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. Sai dai ya tsaya kai da fata a kan rubutun boko, yana raina ajami, alhali da ajamin malaman ƙasar suka yi ƙarnuka suna rubuta waƙoƙinsu. A nan kam, a ganina, ya yi kuskure.

Mutum ne mai kaifin harshe da taurin kai. Ya soki sarakuna, ya soki Turawan mulki da ke kare su, kuma ƙorafe-ƙorafensa na cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Shirin da ya gabatar na koyar da 'ya'yan sarakuna bai samu karɓuwa ba, gwamnati ta gwammace ta damƙa aikin ga Vischer a 1909. Iyaye Musulmi da suka yi ɗari-ɗari da makarantarsa suna da hujja, tun da burinsa a fili yake. A 1929 hukuma ta sa mishan ɗin ya fice daga birni ya koma Wusasa. Mila bai ji daɗin haka ba, ya ƙaura zuwa Kano.

Amma irin da ya shuka ya tsira. Daga wannan 'yar ƙaramar al'umma aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma jigo a kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya girma, ko da yake bayan tashin Mila ne. Shi kuwa tsohon likitan bai koma Ingila ya ƙarasa rayuwarsa ba. Ya rasu a 1952 a ƙasar Filato, shekara 52 bayan ranar da Sarki Alu ya kore shi daga Kano.