Edmond Halley, masanin da ya auna maganaɗisun duniya a kan teku

An haifi Edmond Halley a Ingila a shekarar 1656. Duniya ta fi saninsa da tauraro mai wutsiya da aka laƙaba wa sunansa, amma matuƙan jiragen ruwa na zamaninsa da wani aikin suka san shi.

Allurar kamfas ba ta nuna arewa daidai, takan karkata gabas ko yamma gwargwadon wurin da ake, kuma wannan karkatar na iya ɓatar da jirgi. A 1698 aka ba Halley ragamar jirgin Paramore domin ya auna ta a Tekun Atlantika. Saɓani da mataimakinsa ya katse tafiyar farko, sai ya sake fita a 1699, ya nausa kudu har ya iske tsaunukan ƙanƙara. Duk inda ya yi awo yakan rubuta rana da wuri da girman karkatar.

Daga waɗannan bayanai ya fitar da taswirarsa a 1701. Ya rasu a 1742, amma har yau masu nazarin yadda maganaɗisun duniya ke sauyawa suna amfani da alƙaluman da ya rubuta.