Daniel David Palmer: Mutumin Da Ya Ƙirƙiro Gyaran Ƙashin Baya Da Hannu

Idan ciwon baya ya daɗe yana damunka, wataƙila an taɓa ba ka shawarar ka je a danna maka ƙashin bayan, ko kuma ka ga bidiyon masu yin haka a waya, inda ake murɗa wuyan mutum har ya yi ƙas. Wannan hanyar magani sunanta kairofuraktik. Sanin tarihin wanda ya ƙirƙiro ta zai taimaka maka ka gane inda take da amfani da inda take da haɗari.

Asalinsa

An haifi Daniel David Palmer ranar 7 ga Maris, 1845, a yankin Ontario na ƙasar Kanada. A 1865 ya ƙaura zuwa Amurka, inda ya yi sana'o'i iri-iri: koyarwa, kiwon zuma da sayar da kayan masarufi. Bai taɓa shiga makarantar likitanci ba, amma mutum ne mai yawan karance-karance a kan halittar jikin ɗan Adam. Wajajen 1886 ya fara sana'ar da ake kira warkarwa da maganaɗisu, wato shafa jikin majinyaci da hannu bisa imanin cewa wani ƙarfi na fita daga mai shafar. Daga baya ya zauna a garin Davenport na jihar Iowa.

Ranar da abin ya fara

A watan Satumba na 1895, Palmer ya duba wani mai share ginin da ofishinsa yake, Harvey Lillard, wanda ya shekara 17 ba ya ji sosai. Palmer ya ce ya tarar da wani ƙulli a bayansa, ya danna shi da ƙarfi, jinsa kuma ya dawo. Daga nan ya yanke cewa gocewar ƙasusuwan baya ce ke matse jijiyoyi, ita ce kuma ke haddasa kashi 95 cikin ɗari na cututtuka. Wani limamin coci, Samuel Weed, shi ya taya shi haɗa sunan daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin aiki da hannu.

A nan ya kamata ka lura. Jijiyar ji daga kunne take tafiya kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai, ba ta bi ta ƙashin baya. Saboda haka ilimin likitanci bai yarda cewa danna baya na maganin kurumta ba.

Makaranta, kurkuku da rigimar gida

A 1897 ya buɗe makaranta a Davenport, ɗansa B.J. Palmer na cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta. A 1906 kotu ta same shi da laifin yin aikin likita ba tare da lasisi ba, aka tsare shi na 'yan makonni, ya kuma biya tara. Bayan fitowarsa makarantar ta koma hannun ɗansa, tsakaninsu ya yi tsami, uban ya yi ta yawo tsakanin Oklahoma, Oregon da Kalifoniya yana buɗe wasu makarantun. Ya yi adawa da allurar riga-kafi, ya kuma yi iƙirarin cewa ruhin wani likita da ya riga ya mutu ne ya ba shi wannan ilimi.

A 1913 aka zargi ɗan da buge uban da mota a wajen wani jerin gwano a Davenport, amma ba a same shi da laifi ba. Palmer ya rasu a Los Angeles ranar 20 ga Oktoba, 1913, yana da shekara 68. Takardar shaidar mutuwarsa ta nuna zazzaɓin taifot ne sanadi. A wannan shekarar ce jihar Kansas ta zama ta farko da ta yi dokar ba masu wannan sana'a lasisi.

Abin da ya tabbata da wanda bai tabbata ba

Bincike ya nuna cewa danna ƙashin baya na iya rage ciwon ƙugu da na baya, gwargwadon yadda motsa jiki da gashin ƙashi ke yi. Ƙarar da kake ji ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa, iska ce a cikin ruwan gaɓa. Amma babu ingantacciyar hujja cewa yana maganin asma, hawan jini, ciwon kunne ko ciwon cikin jarirai. Cutar da aka rubuta ta kashe Palmer kansa, ƙwayar cuta ce ke kawo ta daga gurɓataccen ruwa ko abinci.

Mutane da yawa kan ji tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan an danna su. Murɗa wuya da ƙarfi kuwa, ko da yake ba kasafai ba, an alaƙanta shi da tsagewar jijiyar jini mai kai jini ƙwaƙwalwa, abin da kan jawo shanyewar ɓarin jiki.

Kafin ka bari a taɓa bayanka

Kada a danna ka idan kana da raunin ƙashi, karaya, ciwon daji, tarin fuka na ƙashin baya, ko kana shan maganin tsinka jini. Ka garzaya asibiti idan ciwon bayan ya zo da zazzaɓi, rama, raunin ƙafafu, mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida. Waɗannan alamu ne da jinkiri kan mayar da su nakasa ta dindindin.

Idan likita ya duba ka bai ga ɗaya daga cikinsu ba, kana iya gwadawa a hannun wanda ya samu horo da lasisi. Ka ci gaba da motsa jiki, kada ka daina shan magungunanka, kuma idan makonni suka wuce ba sauƙi, ka koma wurin likitanka. Allah ya ƙara mana lafiya.