Gardner Fox, Lauyan Da Ya Ƙago Flash

A cikin akwatin yayana, ƙarƙashin tsofaffin littattafan lissafi, na fara cin karo da wani littafin labarin zane wanda bangonsa ya yage. A ciki akwai wani mutum mai jar riga da hular ƙarfe mai fukafukai, in ya zura da gudu sai dai ka ga ƙura. Sunansa Flash, watau walƙiya da Turanci. Na kawo littafin makaranta, ya yi ta yawo daga gado zuwa gado a ɗakin kwananmu, har muka yi mako guda muna gardama ko mutumin nan zai iya tsere wa harsashi. Amma duk cikinmu ba wanda ya tambayi wanda ya ƙago shi. Ni ma sai daga baya na bi sawu, na tarar ashe wani lauya ne, wai shi Gardner Fox.

An haife shi ran 20 ga watan Mayu, 1911, a unguwar Brooklyn ta birnin New York a Amurka. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka ba shi kyautar littattafai biyu na Edgar Rice Burroughs, mutumin nan da ya rubuta Tarzan, masu ba da labarin yaƙe-yaƙe a duniyar Mars. Tun daga nan ƙwaƙwalwarsa ta tafi yawo. Duk da haka ya karanta aikin shari'a, ya zama lauya a 1935. To, a lokacin nan karayar arziki da ta auka wa Amurka tun 1929 ba ta sake ta ba. Shekara biyu kurum ya yi yana lauya, sa'an nan ya koma rubuta labarai wa wani edita, Vin Sullivan, na kamfanin da daga baya aka sani da DC. A 1939 har labaran Batman na farko-farko ya taɓa, a cikin nasa ne ma Batman ya fara ɗaura ɗamarar nan tasa ta kayan aiki.

A watan Janairu na 1940 mujallar Flash Comics ta fito. Fox ya rubuta, Harry Lampert ya zana. Labarin wani ɗalibin jami'a ne, Jay Garrick, wanda ya tsaya shan taba a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ya ture kwalabe, ya kwana yana shaƙar tururin wani ruwa. Da ya farfaɗo sai ga shi ya fi kowane mahaluki sauri, har yana cafe harsashi da hannu (kun ga an raba mana gardama). Malaminmu na kimiyya ya ce wanda ya shaƙi irin wannan sai dai a kai shi asibiti, na kuwa yarda da shi. Amma Fox ya gane abu guda: kowane yaro ya taɓa fatan a ce ya fi kowa gudu, musamman ran da ya makara. A ƙarshen shekarar kuma ya tara jarumai a ƙungiya guda, Justice Society of America, suka zauna a tebur kowa yana ba da labarin abin da ya gamu da shi, kamar hirar dandali. Flash ne shugabansu na fari.

Bayan yaƙin duniya na biyu kasuwar jarumai ta faɗi, aka tsai da mujallar a 1949, a fitowa ta 104. A 1956 edita Julius Schwartz ya sa aka yi sabon Flash, Barry Allen, masanin kimiyya na 'yan sanda wanda tsawa ta faɗa wa kantar magungunansa. Wannan kam ba Fox ya ƙago shi ba, kada mu ba shi abin da ba nasa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne labarin da ya rubuta a watan Satumba na 1961, a mujallar The Flash ta 123, wanda Carmine Infantino ya zana. Barry yana yi wa marayu wasa, sai ya girgiza jikinsa da sauri ƙwarai har ya ɓace, ya tsinci kansa a wani gari, Keystone City. Can ya iske Jay Garrick, wanda ya sha karanta labarinsa a mujalla, ga shi da ransa, ya yi aure, furfura ta fara fito masa, ya ajiye aiki. Ta yaya haka? Wai duniya biyu ce a wuri guda, kowacce tana kaɗawa da nata saurin, don haka ba sa ganin juna. Sa'an nan wai akwai wani marubuci a duniyar Barry da yakan yi mafarkin abin da ke faruwa a ɗayar, ya tashi ya rubuta. Sunan marubucin kuwa Gardner Fox! Watau mutumin ya sa kansa cikin tatsuniyarsa. Su biyun suka haɗa kai suka kama 'yan fashi uku, Barry ya komo gida da niyyar ya nemi Fox ya ba shi labari. Dabarar nan ta duniyoyi da yawa da ake ta yi wa fina-finai, a labaran DC daga nan ta samo tushe.

Sai dai a duniyar gaske ba a yi masa adalci ba, a ganina. Shekara wajen talatin yana rubuta wa kamfanin, ana biyansa bisa yawan shafi, jaruman da ya ƙago kuwa mallakar kamfani ne. A 1968 shi da waɗansu tsofaffin marubuta suka nemi a riƙa ɗaukar musu nauyin magani. Aka ƙi, aikin kuma ya daina zuwa, aka ɗebo samari. Mutumin da ya yi ta rubuta yadda ake ƙwato wa marasa ƙarfi hakkinsu, ga shi kuma lauya, ya rasa mai ƙwato masa nasa.

Bai zauna ba. Ya koma kan littattafan hikaya, waɗanda dama yana rubutawa, da yawa da sunayen aro kamar Jefferson Cooper, har suka haura ɗari. Labaran zane kuwa an ƙiyasta ya rubuta wajen 4,000. Ya rasu ran 24 ga watan Disamba, 1986, a garin Princeton na jihar New Jersey, yana da shekara 75. A 2007 aka ba shi lambar yabo ta Bill Finger, wadda ake bai wa marubutan labarin zane da ba a yaba musu yadda ya kamata ba. A lokacin ya yi shekara ashirin a kabari.