Malam Aminu Kano: me ya ɗore daga gwagwarmayarsa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Tun bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 ɗalibai ke tambayarmu ko tashin talakawa yana haifar da gyara mai ɗorewa. Mun ga ya fi kyau mu ajiye musu rayuwar mutum guda su auna da kansu.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920, a zuriyar Gyanawa, gidan fiƙihu da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. Ya tashi ke nan yana jin abin da littafi ya ce game da haƙƙin talaka, yana kuma ganin abin da ake yi wa talakan. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, ya je Landan ƙarin ilimi a 1946, sannan ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta. A 1953 ya zama shugabanta.

Abin da NEPU ta tsaya a kai sananne ne ga kowane manomi na lokacin: harajin kai, jangali, aikin tilas, da kotu da gidan yari da 'yan doka waɗanda duk suke hannun En'e. Malam Aminu ya kafa hujjarsa da Alƙur'ani da littattafan Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi, wanda ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano ɗin nan. Shi ya sa masu mulki suka sha wuyar shafa masa kashin kaji, domin da littafin da suke alfahari da shi yake tuhumarsu. Magoya bayansa sun ɗanɗana kuɗarsu: bulala, ɗauri, tara, da raba mutum da gonarsa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da dama.

In da kujera za a auna, ribar kaɗan ce. NEPU ba ta taɓa mulkin Arewa ba. Shi kansa ya ci zaɓen majalisar tarayya a 1959, ya rasa kujerar a 1964. Abin mamaki, sojoji ne suka cika wani ɓangare na buƙatunsa: a zamanin Janar Gowon, wanda Malam ya yi wa kwamishinan sadarwa sannan na lafiya, aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa sauran. A wannan tsakani matan Arewa suka samu 'yancin jefa ƙuri'a.

Sai 1979, da jam'iyyarsa ta PRP ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. A lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna, don haka dattawanmu na Daddara da Jibiya suna cikin waɗanda aka sauke wa wannan kaya. Amma daɗin bai jima ba. Jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, majalisa ta tsige Balarabe a Yunin 1981, Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, sojoji kuma suka dawo kafin shekarar ta ƙare. Maƙwabtanmu na tsallaken iyaka, wajen Maradi, sun ga abin da ya fi haka ɗaci: an haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, da ta ɗauki makami a 1964 aka murƙushe ta.

A ganinmu, abin da ya tsira shi ne wanda ya shiga doka, da wanda ya shiga zuciya ta hanyar karantarwa. Malam ya kafa makarantun Islamiyya, ya zauna yana tafsiri, ya shekara talatin yana koya wa talaka cewa tambayar shugaba hujja ba rashin ladabi ba ce. Wannan har gobe yana nan. Abin da gwagwarmayar ta kasa gadarwa shi ne halinsa na gudun duniya. Ya mutu a gidansa na Gwammaja ba tare da tara dukiya ba, da yawa cikin masu kiran sunansa a yau kuwa, sai dai mu ce Allah Ya shirye mu.

An soke haraji a 1979. Amma a wasu ƙauyukan yankinmu manomi ya biya wa 'yan bindiga kuɗi kafin ya girbe gonarsa, direba kuma ya san abin da shingayen hanyar Katsina zuwa Jibiya suke ci masa.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu, Ya gafarta masa, Ya kawo mana sauƙi.